Gidan bariki na Damagaram: sanyi ba da kuɗin wuta ba

Duk mai bin hanya tsakanin Birni da Zango a Damagaram ya san tsofaffin gidajen da Nasara suka bari. Faransawa sun kama garin a 1899, kuma daga 1911 zuwa 1926 nan ne babban birnin ƙasa, kafin a mai da shi Yamai. A waɗannan shekaru aka gina gidajen bariki na ma'aikatan gwamnati.

Irin wannan gida, Ingilishi suna ce masa bangalo, suna da ya samo asali daga yankin Bengal na Indiya. Gida ne na ƙasa, ba bene. Idan muka tsaya gabansa, abin da muke fara gani shi ne baranda mai faɗi a kan ginshiƙai. Aikinta ta tare rana kada ta bugi bangon ɗaki. Shi kuwa bangon na ƙasa ne mai kauri: da rana yana shanye zafi, sai dare ya sake shi. An ɗaga daɓe sama da ƙasa don ruwan damina. Rufin yana da tsawo, zafi ya hau can sama ya bar mutane. Tagogi suna kallon juna, da marufin katako mai tsaga-tsaga, iska ta ratsa, rana ta tsaya waje.

Kada mu ɗauka duk dabarar ta Nasara ce. Maginanmu ne suka yi aikin da tubali da azara, kamar yadda suka gina wa attajiran Zango soraye masu zane, kuma da yawan leburorin aikin tilas ne ya kawo su.

Yau mu ƴan kasuwa, da an samu riba sai siminti da kwano, rufi kusa da ka, taga ɗaya. Bazara na zuwa ɗaki ya zama tanda, man shafawa ya narke, albasa ta ruɓe, fanka kuma ta tsaya da an ɗauke wuta.

Alhaji, Hajiya, kafin ku biya magini, ku je ku zauna a inuwar ɗaya daga cikin barandun nan da azahar a watan Afrilu. Ku ƙara wa rufi tsawo, ku buɗe taga biyu, ku bar wa baranda fili ko da za a rage ɗaki guda.