Kafin a biya kuɗin koyon tuƙin jirgi, a fara ganin likita

Akwai gidajen da ake sayar da fili ko gona don yaro ya zama matuƙin jirgin sama, ko a kwalejin Zariya da aka kafa tun 1964, ko a Ilorin, ko can Amurka. A biya kuɗin makaranta, a yi biza, a yi sallama da dangi, sai daga baya a tuna da takardar shaidar lafiya, wadda in babu ita ba za a bar ɗalibi ya tashi da jirgi shi kaɗai ba. Kowa ya san za a duba ido da kunne da zuciya. Abin da kan zo wa mutane ba zato shi ne tambaya a kan lafiyar ƙwaƙwalwa.

A Amurka, hukumar jiragen sama ta FAA na sa mai nema ya cike fom a intanet kafin ya ga likita. Ana tambayarsa ko an taɓa gano yana da ciwon damuwa, ko fargaba, ko wata larurar ƙwaƙwalwa, ko ya taɓa yunƙurin kashe kansa. Ba bana ko bara kaɗai ake nufi ba, tun daga ƙuruciya ne. Yaron da aka rubuta wa magani yana shekara 15 bayan rasuwar mahaifiyarsa, dole ya faɗa, ko da ya warke sarai.

A nan ne shawarar gida kan shigo: "Rufa wa kanka asiri, wa zai sani?" Mu dai mun saba ɓoye irin wannan ciwo, mu ce iska ce, ko mu yi shiru don kada a rasa miji ko mata. A wannan fage shawarar tana da tsada. Ƙarya a fom ɗin laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku har shekara 5, da tarar da ta kai dala 250,000, kuma a ƙwace lasisin da ya sha wahala a kai. Asirin ma yakan tonu: a 2023 aka bayyana cewa ana binciken matuƙa kusan 5,000, tsofaffin sojoji, bisa zargin suna karɓar kuɗin larura a wani ofishin gwamnati alhali sun ɓoye wa FAA.

Abin takaicin shi ne, da yawa daga masu ɓoyewa da sun faɗi gaskiya da sun samu takardar. Akwai dai larurorin da dokar ta ambata a matsayin masu hana mutum: taɓin hankali mai raba mutum da gaskiya, ciwon da ke jefa mutum tsakanin zumuɗi mai tsanani da baƙin ciki mai tsanani, da jarabar giya ko ƙwaya. Mai wasa da tiramol ko kodin ya lura da wannan na ƙarshen. Amma ciwon damuwa da aka yi maganinsa ya lafa, ƙofa a buɗe take. Tun 2010 FAA ta amince matuƙi ya yi aiki yana shan ɗaya daga magunguna huɗu, ciki har da Prozac da Zoloft, a ƙarƙashin izini na musamman da sa ido, kuma daga baya ta ƙara wasu. Sai dai a shirya wa jira. In likita ya tura fayil zuwa ofishin hukumar a Oklahoma, ana iya shafe watanni, a nemi rahoton likitan ƙwaƙwalwa da gwaje-gwaje, duk daga aljihun ɗalibi.

Tsaurin yana da dalili. Ranar 24 ga Maris 2015, mataimakin matuƙi Andreas Lubitz ya kulle ƙofar ɗakin tuƙi, ya auka da jirgin Germanwings cikin duwatsun Faransa da gangan, mutum 150 suka mutu. Ya yi fama da ciwon damuwa mai tsanani tun yana ɗalibi a 2008, aka ba shi takarda bisa sharaɗi. Da ciwon ya dawo, likitoci suka rubuta masa hutu, ya ɓoye wa kamfani. A ganina darasin yana wajen ɓoyewar, domin dubban matuƙa sun yi jinya sun koma aiki lafiya. Tsoron rasa aiki kuwa shi ma haɗari ne, shi ya sa bayan wani matuƙi da ba ya bakin aiki ya yi yunƙurin kashe injinan jirgi a Oktoban 2023, FAA ta kafa kwamiti don gano abin da ke hana matuƙa neman magani.

Saboda haka, kafin a biya ko sisi, ɗalibi ya nemi likitan da hukumar jiragen ƙasar da zai yi karatu ta amince da shi. A Najeriya NCAA ce ke tantance su. Ya fara zuwa neman shawara kawai, kada ya miƙa fom tukuna, domin in aka buɗe fayil aka ƙi shi, ƙin zai zauna a tarihinsa. Ya tafi da takardun asibiti: sunan ciwon, maganin da ya sha, ranar farawa da ranar dainawa. Wanda kuma yake kan magani yanzu, kada ya yanke shi da kansa don ya wuce gwaji. Yankewa kwatsam kan dawo da ciwon, kuma fom ɗin zai tambaye shi tarihin ko ya daina sha ko bai daina ba.