Mesa Biyu, Hunturu Ɗaya

A ƙarshen wata damina aka samo 'yan mesa biyu a fadamar Gulbin Kebbi, kowacce ba ta wuce kamu uku ba. Ɗaya ta shiga hannun wani tsohon gardi a Gwandu, ɗayar kuma ta tafi wurin ƙanensa a Kalgo, shi ma gardi ne, sana'ar gidansu ce. Garuruwan nan biyu iska ɗaya ke kaɗa su, ƙurar hunturu ɗaya ke rufe su. Duk da haka, kafin Janairu ya raba tsakiya, mesar Gwandu na nan sumul tana sheƙi, ta Kalgo kuwa ta kama hanyar mutuwa.

Alamunta huɗu ne. In ta haɗiye ɓera, bayan kwana biyu ko uku sai ta amayo shi ɗungurungum, yana ɗoyi. Ɓawon cikinta ya yi ja, ya tashi bororo. Numfashinta yana fita da ɗan fito, ga yauƙi a baki, saɓarta kuma ta maƙale guntu-guntu. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, na Kalgo ne mai tattali. Kullum dare sai ya hura gawayi a kasko ya ajiye kusa da kwandonta. Na Gwandu bai taɓa hura wa tasa wuta ba.

Zaton farko jifa ne, domin sana'ar kasuwa ba ta rasa mahassada. Aka yi turare, aka banka hayaƙi a ɗaki, numfashin ya ƙara muni. Zato na biyu ya fi kama hankali: wataƙila ɓeran da ake ba ta ya ci maganin ɓera a rumbun wani. Aka koma ba ta 'yan tsaki da aka ƙyanƙyashe a gida, su ma ta amayo su. Kuma ai guba ba ta ƙona ɓawon ciki daga waje. Zato na uku, cuta ce ta taho da ita daga daji, tsutsa ko kaska. To amma duk Oktoba da Nuwamba lafiya lau take ci. Ciwon bai soma ba sai da ɗari ya sauka.

Wanda ya lura da wannan daidaituwar lokaci ɗan ƙanwarsu ne, ɗalibi mai karatun kimiyyar halittu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza.

"Kawu, ina kaka aje ta da dare?"

"Ga kwandonta nan bisa siminti, ga kasko kusa. In sanyi kaka nufi, ɗana, wagga mesa ta fi ni jin ɗumi."

Yaron bai yi gardama ba. Ya je wurin wani mai kiwon kaji ya aro ma'aunin zafi, irin wanda ake ratayewa a ɗakin renon 'yan tsaki, ya kwana a gidan. Bayan sallar isha'i, garwashi na ja, gefen kwandon da ke fuskantar kasko ya haura digiri 45. Da asuba, wuta ta mutu, ƙasan kwandon ya sauka zuwa 16, saboda ɗakin bulo ne mai rufin kwano, ba ya riƙe zafi, siminti kuma yana tsotse ɗumin duk abin da ya kwanta a kansa. Da hantsi aka fitar da kwandon rana don ta sha ɗumi, a rufe, zafin ya sake hawa kusa da 40. A kwana ɗaya dabbar nan tana ratsa ƙuna da ɗari, ba ta da inda za ta matsa.

Wannan ya bayyana rabin lamarin. Saura a san abin da ya tsare ta Gwandu. Da yaron ya isa can, sai ya tarar babban kawunsa yana zaune a tsohon ginin ƙasa, irin sorayen da har yanzu ake gani a garin Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo. Mesar ba a kwando take ba, tana cikin dogon akwatin katako ne, an ɗora shi a kan itace biyu, an shimfiɗa ƙaiƙayi a ciki. Kan akwatin ɗaya yana jingine da bangon da murhun gidan ke bayansa, ɗaya kan yana duban ƙofa. Ga ƙaramin kasko na ruwa a ciki.

"Kawu, wa ya ce ka jingina shi nan?"

"Haka na iske mahaifinmu yana yi. Ita ta san inda taka so. In ta ci, can wajen bango taka kwana. In ta huce, ta dawo wajen ƙofa."

Ma'auni ya tabbatar da maganar tsoho. Bangon ƙasa yana shan zafin murhu da na rana a hankali, yana sakinsa a hankali har wayewar gari. Da dare gefen bango yana kusa da digiri 30, gefen ƙofa kuma bai sauka ƙasa da 24 ba ko da asuba.

A nan ƙullin ya warware. Jikin mutum yana dafa nasa ɗumi, yana riƙe shi wajen digiri 37 ko ana ɗari ko ana ƙuna. Maciji ba shi da wannan baiwa, aro yake yi daga rana da ƙasa. Tun 1944 wasu masana biyu, Raymond Cowles da Charles Bogert, suka nuna a hamadar Kalifoniya ta Amurka cewa dabbobi masu jan ciki ba sa miƙa wuya ga yanayi, da zirga-zirga tsakanin rana da inuwa suke daidaita zafin jikinsu. Mesar daji haka take: ta sha hantsi, ta shige ramin gafiya ko tsohon suri, inda zafi ba ya hawa da sauka sosai. Abin da take bukata ke nan, wuri mai ɗumi da wuri mai sanyi-sanyi, da hanyar tafiya tsakaninsu. Akwatin Gwandu ya ba ta, kwandon Kalgo ya hana.

Da wannan, kowace alama ta sami uwarta. Narkar da abinci babban aiki ne ga mesa. Binciken Stephen Secor da Jared Diamond a shekarun 1990 ya nuna mesar ƙasar Bama takan ninka aikin jikinta har kusan sau 40 bayan ta haɗiye babban abinci. Aikin nan ba ya tafiya sai da ɗumi. In jiki ya yi sanyi, ɓera zai soma ruɓewa a ciki kafin ya narke, dole ta amayar da shi don ta tsira. Bororon ciki kuwa ƙuna ce: maciji mai jin ɗari yakan manne wa abu mai zafi ya ƙi tashi har fata ta nuna, kuma likitocin dabbobi sun saba ganin haka. Fiton numfashi ciwon huhu ne, sanyin asuba ya karya garkuwar jiki, hayaƙi ya ƙara, ga shi maciji ba ya iya tari balle ya fitar da majina. Saɓar da ta maƙale aikin bushewa ce, domin a tsakiyar hunturu laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, alhali mesa na son 50 zuwa 60, garwashi kuma ya ƙone ɗan abin da ya rage. Garin neman gira an kusa rasa ido.

Gyaran bai ci kuɗi mai yawa ba. Ƙuna da ciwon huhu aka kai wa likitan dabbobi, don ba aikin gida ba ne. Kafinta ya haɗa akwati mai tsawon mesar, da ƙofofin iska, aka ɗaga shi daga siminti. Ƙa'idar da masu kiwon mesa ke bi a Turai da Amurka, inda aka sha kai dubban ƙananan mesa daga Togo da Benin da Ghana, ita aka bi: gefe ɗaya digiri 31 zuwa 33, ɗaya gefen 25 zuwa 27, da dare kada ya gaza 24. Ma'auni biyu ake sawa, ɗaya a kowane gefe, a daidai inda cikinta ke taɓawa. Maɓuya ma biyu, don kada tsoro ya tilasta mata zama inda bai dace ba.

Abin ɗumama a waje yake zama, kuma kada ya wuce sulusin akwati. Mai lantarki ko sola zai iya sa shimfiɗar ɗumi ko ƙwan fitila mai ragar kariya, amma sai an haɗa da na'urar da ke yanke wuta da kanta in zafi ya kai iyaka, domin in babu ita ƙuna ce ke jira. Inda wuta ba ta tsayawa, jarkar ruwan zafi naɗe da tsumma, jingine a bayan gefe ɗaya, tana kai wa asuba in an sake ta da tsakar dare. Gawayi a rufaffen ɗaki kuwa an sallame shi gaba ɗaya, saboda iskarsa marar wari tana kashe mutum a cikin barci, ba maciji kaɗai ba. An bar mesar mako biyu ba abinci don cikinta ya huta, sannan aka soma da ƙaramin ɓera, ba a kuma fita da ita kasuwa sai ta yi kwana biyu da ci. Ɓeran ya zauna. Ƙunar ta riƙa raguwa da kowace saɓa.

Akwai sauran jarrabawa a gaba. A Afrilu da Mayu zafin Kebbi kan wuce digiri 40, kuma zafi ya fi sanyi saurin kashe maciji. A lokacin, inuwa da ruwa da ɗakin ƙasa za a nema, kada akwati ya ga rana.

Addininmu bai ɗauki tsare dabba da wasa ba. Hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba, sananne ne a Bukhari da Muslim. Wanda ya rufe maciji ya karɓe masa rana da inuwa da rami, kuma bashi ne a wuyansa ya mayar masa da su a cikin akwati. In ba zai iya ba, adalci shi ne ya bar shi a fadamarsa.