Tramol da tsohon firgici: Abin da ya kamata iyayen Tafo su sani game da jinyar motsa ido

Duk gidan da ya taɓa jinyar ɗan ƙwaya a Zangon Tafo ya san yadda abin yake tafiya. A kai yaro asibiti, a kashe kuɗi, ya yi sati uku ko wata guda, ya dawo ya yi ƙiba, ya fara zuwa masallaci. Uwa ta yi sadaka ta ce Alhamdulillahi. Kafin wata biyu sai ka gan shi a majalisar shayi ido ya yi ja, baki ya yi nauyi, an koma gidan jiya. Daga nan sai surutu: wasu su ce abokai ne, wasu su ce an yi masa asiri, wasu su ce dama can ba shi da zuciya.

Likitocin ƙwaƙwalwa suna da wata amsar da ba mu cika ji ba a unguwa. Sun ce mutane da yawa suna shan ƙwaya ne don su danne wani mummunan abu da ya taɓa samun su wanda ya ƙi barin su su yi barci. Idan aka cire ƙwayar aka bar abin, to an raba mutum da sandarsa ne alhali ƙafar ba ta warke ba. Ɗaya daga cikin hanyoyin da ake bi a duniya don jinyar wannan tsohon firgici ita ce wadda Turawa ke taƙaita sunanta da EMDR. Mu kira ta jinyar motsa ido.

Abin da ke cin yaranmu

Tramol ya zama ruwan dare a Ghana tun wajen 2017. Hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasa ta amince da mai ƙarfin miligiram 50 da 100 ne kawai, amma wanda ke yawo a lungu mai 120 ne, da 225, har da 250. A 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, ta kuma ƙara tsaurara sayar da tramol. Kasuwar ba ta mutu ba, rigar kawai ta sauya. A watan Fabrairun 2025 wani binciken BBC ya nuna yadda wani kamfani a Mumbai ta ƙasar Indiya yake haɗa ƙwayoyi masu haɗari yana turo su Afirka ta Yamma, kuma Tamale na cikin garuruwan da aka nuna. Irin su ne samari ke ce wa “Red”.

Ka tambayi masu sha, amsar kusan ɗaya ce: aiki. Mai tuka pragya daga asuba zuwa dare, yaron makanike a Suame Magazine, mai dako a Kejetia, mai shiga ramin galamsey. Ƙwayar tana kashe gajiya, gaskiya ne. To amma ai ba kowane mai aikin ƙarfi ne ke kamuwa ba. Biyu za su fara tare, ɗaya ya bari cikin sauƙi, ɗayan ya nutse. Me ya raba su?

Wani babban bincike da aka yi a Amurka tsakanin 1995 da 1997 ya ba da wani ɓangare na amsar. Likitoci biyu, Vincent Felitti da Robert Anda, sun tambayi mutum fiye da 17,000 irin wahalar da suka sha suna yara: duka mai tsanani, fyaɗe, ganin ana dukan uwa, zama da mashayi a gida, da makamantansu. Wanda ya haɗu da iri huɗu ko fiye, haɗarin ya zama mashayin giya ya ninka kusan sau 7 a kan wanda bai haɗu da ko ɗaya ba. Haɗarin yi wa kai allurar ƙwaya kuwa ya ninka kusan sau 10.

Mu a nan ba sai mun je Amurka neman misali ba. A watan Fabrairun 2016 rikicin filin maƙabarta ya ɓarke a Tafo, aka rasa rai, aka lalata dukiya, har aka sa dokar hana fita. Yaran da suka ga abin da idonsu a lokacin, yau samari ne. A watan Yulin 2018 ’yan sanda suka harbe mutum bakwai ’yan Zango a Manso Nkwanta, kuma kwamitin da gwamnati ta kafa bai samu hujjar cewa ’yan fashi ne ba. Ga gobarar Adum ta watan Maris 2025 da ta cinye jarin mutane da yawa. Ga haɗarin mota da na babur. Ga ’yan uwanmu da suka bi ta Agadas zuwa Libiya suka dawo ba sa son a tambaye su abin da suka gani. Sannan ga abin da ake yi a cikin ɗaki wanda ba mai faɗa, don kunya da tsoron tonon asirin dangi.

Alamomin wannan ciwo sanannu ne ga likitoci: mugun mafarki, abin ya riƙa dawo wa mutum da rana tsaka kamar yanzu yake faruwa, zabura idan an buga ƙofa, gudun wurin da abin ya faru, saurin fushi, rashin barci. A aji muna ganin farkonsa: yaro mai ƙoƙari ya koma shiru, ko ya riƙa faɗa ba dalili. Mai irin wannan hali idan ya gane ƙwaya ɗaya tana ba shi sa’o’i kaɗan na sanyin rai, wa’azi kaɗai da wuya ya raba su.

Yaya jinyar take?

Wata masaniyar halayyar ɗan Adam ’yar Amurka, Francine Shapiro, ita ta ƙirƙiro hanyar. A 1987 tana yawo a wani lambu ta lura cewa idan idanunta na kai da komo da sauri, tunanin da ke damunta yana raguwa. Ta gwada a kan mutanen da suka ga masifa, ta buga sakamakon farko a 1989. Ta rasu a 2019, lokacin hanyar ta riga ta bazu ƙasashe da yawa.

Matakai takwas ne. Da farko mai jinyar zai ji tarihin mutum, ya gane waɗanne abubuwa ne suka tsaya masa a rai. Na biyu, ya koya masa yadda zai kwantar da kansa idan hankali ya tashi, kuma ba a wuce nan sai an ga ya iya. Na uku, a zaɓi abu ɗaya: hoton da ya fi muni, da mummunar maganar da mutum ke faɗa wa kansa, misali “laifina ne” ko “ni ba kowa ba ne”, da inda yake jin abin a jikinsa. Sai a ce ya auna zafin daga 0 zuwa 10.

A mataki na huɗu ne ido ke shigowa. Mutum zai riƙe hoton a ransa yana bin yatsun mai jinyar da ido, dama da hagu, kamar na rabin minti. Sai a tsaya, ya ja numfashi, ya faɗi abin da ya zo masa, a sake. Wanda bin yatsa ke wahalar da shi, ana iya ɗan bubbuga masa hannu dama da hagu, ko a sa masa sauti a kunne ɗaya bayan ɗaya. Ana maimaitawa har zafin ya sauko. Sauran matakan su ne ƙarfafa kyakkyawar magana a madadin mummunar, duba ko akwai sauran nauyi a jiki, rufe zaman cikin natsuwa, da sake dubawa a zama na gaba. Zama ɗaya kan ɗauki minti 60 zuwa 90.

Mutum a farke yake, da hankalinsa, yana iya cewa a tsaya duk lokacin da ya so. Ba a ba shi wani abin sha, ba a sa shi barci, ba a karanta masa komai. Abin da ya faru ma ba ya gogewa. Zai tuna, amma tunawar ba za ta riƙa kayar da shi ba.

Me ya haɗa ido da wannan? Bayanin da masu bincike a ƙasar Holan suka fi ƙarfafawa shi ne ƙwaƙwalwa ba ta iya riƙe abu biyu masu nauyi a lokaci guda. Idan tana fama da bin yatsa, hoton da take riƙe da shi sai ya dushe, zafinsa ya ragu, kuma a haka take mayar da shi ajiya. Har yanzu masana suna jayayya kan yawan gudummawar idon kansa, amma kan cewa jinyar tana taimakon masu ciwon firgici, hujja ta yi ƙarfi. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin hanyoyin da take ba da shawarar a bi, tare da jinyar gyaran tunani da ɗabi’a da ke fuskantar masifar kai tsaye. Hukumar tsara jinya ta Ingila ma ta amince da ita a 2018, ta ce yawanci zama 8 zuwa 12 ake yi.

Akwai abu guda da ya dace da al’adarmu. A wannan hanya ba dole ne mutum ya zayyana komai dalla-dalla ba. Matar da aka ci wa zarafi, ko saurayin da ba zai iya buɗe baki ya faɗi abin da aka yi masa a gidan yarin Libiya ba, yana iya yin jinyar ba tare da ya kwashe duka ya faɗa ba.

Tana raba mutum da ƙwaya?

A nan ne ake buƙatar taka-tsantsan, don masu talla a intanet suna wuce gona da iri. A 2008 an yi wani ƙaramin gwaji a Jamus da mashaya giya 34. Waɗanda aka ƙara wa zama biyu na motsa ido a kan jinyar da aka saba, ƙishin giyarsu ya ragu fiye da na sauran. Labarin ya yi daɗi. Amma a 2020 aka buga wani gwajin da ya fi shi girma a Holan, da mutum 109, inda aka auna jinyar a kan ƙishin giyar kansa, kuma ba a ga ta ƙara wani abin kirki a kan jinyar da aka saba ba.

Ma’ana dai, inda aka tabbatar da aikinta shi ne firgicin. Wanda firgici ke tura shi ga ƙwaya, an rage masa babban dalili ɗaya na komawa. Wanda ba shi da wannan tabon, kada a sayar masa da ita a matsayin maganin shaye-shaye.

Kuma ba da ita ake farawa ba. Mai shan tramol da yawa idan ya yanke lokaci ɗaya zai sha ciwon jiki, zufa, gudawa da rashin barci, shi ya sa likita ne ya kamata ya tsara yadda za a rage. Yawan shan sa kuma yana jawo farfaɗiya. Mashayin giya mai nisa kuwa, yankewa ba tare da likita ba na iya kai shi lahira. Sai jiki ya daidaita, mutum ya samu wurin kwana da wanda zai tsaya masa, sannan a taɓa tsohon ciwon. Don a kwanakin farko na jinyar mafarkai da tunani kan ƙaru kafin su ragu, kuma wanda ba a shirya ba zai iya gudu ya koma ga ƙwayar. Wannan ne ma ya sa kallon bidiyo a YouTube a zaunar da yaro ana kaɗa masa yatsa ganganci ne.

Ina za a nufa?

Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku ne a Ghana: na Accra, na Pantang, da na Ankaful kusa da Cape Coast. Duka suna kudu, nesa da mu. Amma asibitin gwamnati na Tafo yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, haka ma asibitin koyarwa na Komfo Anokye da muke ce wa Gee. A nan ya kamata a fara.

Doka ma ta sassauto. Dokar hana miyagun ƙwayoyi ta 2020, mai lamba 1019, ta ɗauki shaye-shaye a matsayin matsalar lafiya, ta mayar da hukuncin wanda aka kama da ɗan abin da zai sha tara maimakon ɗaurin shekaru. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ta kare haƙƙin majinyaci, kuma a 2017 hukumar da ke kula da fannin ta hana ɗaure marasa lafiya da sarƙa. Duk wurin da aka ce sai an sa wa ɗanka mari an yi masa bulala kafin ya warke, ka sani ƙarin firgici ake zuba masa a kan na da.

Idan kun je, kada ku tsaya a kan “yana shan ƙwaya”. Ku faɗa wa likita yaushe abin ya fara, da abin da ya faru kafin nan: rasuwa, haɗari, tafiya, duka, kora daga makaranta. Ku tambaya ko za a duba shi a kan ciwon firgici, da ko akwai masanin halayya da zai gan shi. Idan wani ya ce yana yin jinyar motsa ido, ku tambayi rajistarsa da majalisar masana halayya ta Ghana, da inda ya samu horo. Idan babu mai yin ta, ɗaya hanyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita ma tana aiki, kada a zauna jira.

Malamanmu sun sha faɗa cewa neman magani ba ya karo da tawakkali. Addu’a tana nan, asibiti yana nan, babu wanda ya hana ɗaya. Liman ko malamin makaranta da iyaye suka kawo wa kuka, babban taimakon da zai yi shi ne ya rufa asirin gidan, ya yi addu’a, ya kuma ce musu gobe da safe ku kai shi asibiti.

Iyaye kuma, wata rana da yaron yake cikin hayyacinsa, a kira shi gefe ba a gaban ƙannensa ba, a tambaye shi ko yana samun barci, da abin da yake gani idan ya rufe ido. Ba lallai ya amsa ranar ba. A bar ƙofar a buɗe, a sake tambaya. Allah Ya shirya mana zuri’a, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.