DALILIN BAƘIN DA KE FITOWA SAMA DA ƘASAN HOTON FAIFAI

Ran nan wani abokina ya kira ni ɗakinsa yana ta faɗa, wai mai sayar da faifai ya cuce shi. Ya sa faifan DVD na wani wasa mai suna Ben-Hur cikin tsohon akwatin talabijin nasa, sai ga hoto ya fito siriri a tsakiya kamar an shimfiɗa rawani, sama baƙi, ƙasa baƙi. Ya ce shi kuɗin hoto cikakke ya biya, ga shi an ba shi rabi. Na ce ya dakata, kada ya je ya ci mutuncin bawan Allah a banza, faifan lafiyarsa lau. Bayanin da na yi masa shi zan maimaita a nan, domin akwai lissafi a ciki wanda zai amfani mai shirin koyar da yara.

Ko wane hoto yana da faɗi da tsayi. Da can hoton silima in faɗinsa kamu 4 ne, to, tsayinsa kamu 3. Shi a ke rubutawa 4:3, watau faɗi ya yi tsayi sau 1.33. Da aka zo ƙera talabijin sai aka bi wannan fasali. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mutanen Amurka suka sami talabijin a gidajensu, suka rage zuwa silima. Masu silima da suka ga kasuwa na shirin mutuwa, sai suka nemi abin da talabijin ba zai iya ba, watau hoto mai faɗi ƙwarai. Cikin 1953 kamfanin 20th Century Fox ya fito da dabarar CinemaScope, wasan farko kuwa sunansa The Robe. Daga baya awo biyu suka fi yawa, 1.85 da 2.35. Shi Ben-Hur, wanda aka yi cikin 1959, ya zarce su duka, faɗinsa ya yi tsayinsa sau 2.76.

To, ƙaƙa za a sa hoto mai awo 2.35 cikin akwati mai awo 1.33? Hanya biyu ce. Ko dai a yanke gefe da gefe don ya cika akwati, ko kuwa a rage girmansa duka har faɗin ya shiga, a bar sama da ƙasa baƙi. Masu kallo da yawa sun fi son ta farko, don ido ya ga akwati ya cika. Ni dai ban yarda da su ba. Raba 1.33 da 2.35 ka gani: abin da ya saura kashi 57 ne cikin 100, an zubar da 43. Mutum biyu na magana, sai ka ga ɗaya da hancin ɗayan.

Amma hanya ta biyu ita ma da hasararta, nan ne kuwa maganar ta fi daɗi. Hoton faifai kamar saƙa ya ke, layi bisa layi, ko wane layi kuwa ɗige-ɗige ne a jere. Yadda yadi mai yawan zare ya fi laushi, haka hoto mai yawan layi ya fi fita sosai. Faifan DVD, wanda ya fara fitowa a Japan cikin 1996, iri biyu ne. Na Amurka da Japan layi 480, na Ingila da ƙasashen da suka bi tsarin PAL, har da Nijeriya, layi 576. Ko wane layi ɗigo 720. Faifan VCD da muka saba da shi layi 288 ne kurum, ko wane ɗigo 352, shi ya sa fuskar mutum in tana nesa ba a shaida ta.

Yanzu ɗauki alli. In an zuba wasa mai awo 2.35 cikin DVD bisa fasalin 4:3, hoton kansa zai sami layi wajen 327 ne cikin 576. Sauran 249 baƙi ne wanda aka adana cikin faifai, ba ya nuna kome.

Maganin da aka samu shi Turawa ke kira anamofik. A kan matse hoton ta gefe tun wajen zuba shi a faifai, har ya cika yawancin layukan, mutane su zama dogaye sirara kamar kara. Sa'an nan akwatin talabijin mai faɗi, mai awo 16:9, watau 1.78, ya buɗe shi ya koma daidai. Ta haka wasan nan mai awo 2.35 ya kan sami layi wajen 436, ƙarin sulusi ke nan, alhali faifan bai ƙara girma ba. In za ka sayi faifai, duba bayan kwalinsa ka nemi wannan kalma ko lambar 16:9. In kuwa ka ga mutane sun yi tsawo fiye da kima, ko sun zama gajeru kamar tulu, ba laifin faifai ba ne, na'urar ce ba a gaya mata irin akwatin da aka haɗa ta da shi ba. Shiga wurin saiti ka gyara.

Abokina ya ce, to, in ya sayi akwati mai faɗi baƙin zai tafi? Na ce zai ragu, amma ba zai ƙare ba, don 1.78 bai kai 2.76 ba. Ko faifan Blu-ray da ya fito cikin 2006, mai layi 1080 da ɗigo 1920 a ko wane layi, Ben-Hur layi wajen 696 zai ci a ciki. Maganarsa ta rabi kuwa, da muka auna da rula, sai muka tarar yana da gaskiya: a tsohon akwatinsa hoton kashi 48 cikin 100 na tsayin gilashin ya cika.