Kafin Ka Sallama Tsohuwar Kwamfutarka

Tsakanin shekarar 2000 da 2002, wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT da ke Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun sayi tsofaffin rumbunan ajiyar kwamfuta guda 158 a kasuwar kayan hannu. Guda 12 kacal suka tarar an share su yadda ya kamata. Daga sauran kuwa suka tono dubban lambobin katin banki da bayanan asibiti da wasiƙun sirri.

Idan ka goge fayil, ko ka yi wa rumbu fomatin na gaggawa, tamkar mai gida ne ya soke sunan ɗan haya a littafi, amma kayansa na nan jibge a ɗaki har sai wani ya tare. Duk mai manhajar tono fayil zai iya dawo da hotunan iyalinka da takardar da ka rubuta lambar BVN ɗinka a ciki.

Don haka ka fara kwashe abin da kake buƙata zuwa wani rumbun, ka fita daga imel da Facebook da WhatsApp. A Windows 10 ko 11, ka shiga "Reset this PC", ka zaɓi "Remove everything", ka kuma kunna "Clean data". Yakan ɗauki sa'o'i, sai haƙuri. Rumbun SSD kuwa ya fi tsabtatuwa da "Secure Erase" na kamfanin da ya ƙera shi. In kwamfutar ta ƙi tashi ma, ka zare rumbun ka ajiye, ka sayar da gangar jikin.

Sai batun farashi. Mai saye ba ruwansa da nawa ka saya. Abin da zai duba shi ne ƙarfin furosesa, yawan RAM, lafiyar batir da allo, da ko caja ta asali ce. Tun 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 kyauta, Windows 11 kuma a ƙa'ida, in furosesan Intel ne, sai zubi na 8 zuwa sama. Kwamfutar da ba ta kai nan ba, darajarta ta faɗi.

Ka duba kuɗin irinta a shafin Jiji, ka kuma ji tayin mutum biyu ko uku a kasuwa. Dillali zai rage, don shi ma riba yake nema. In tayin bai yi maka ba, ka ce albarka. Amma ko nawa aka taya, kada ka sallama sai ka tabbata rumbun fayau yake.