Daga gonar koko zuwa shagon kasuwa: Abin da ya kamata matasa su sani kan cinikin adalci da haƙƙin ma'aikaci

A makarantu da dama na Birtaniya akwai wani darasi da ake koyarwa da sandar cakulan. Malami zai raba ɗalibai rukuni-rukuni: wasu su zama manoma, wasu dillalai, wasu masu jiragen dako, wasu masu masana'anta, wasu kuma masu kanti. Sai a ce su raba kuɗin cakulan ɗin gwargwadon wahalar kowa. Yawancin yara kan ba manomi kaso mai tsoka. Daga nan ne malamin zai nuna musu yadda rabon yake a zahiri, inda manomin ke tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Manomin da ake magana a kansa maƙwabcinmu ne. Ghana da Kwaddibuwa ne ke noma fiye da rabin kokon duniya, Najeriya ma na cikin manyan masu nomansa, musamman a jihohin Ondo da Kuros Riba. 'Yan ci-rani daga Arewa sun daɗe suna ƙodago a waɗannan gonaki. Amma farashin koko a kasuwannin Landan da New York ake yanke shi, inda babu kujerar manomi.

Wannan giɓi ne ya haifar da tsarin da ake kira cinikin adalci. An fara manna tambarinsa a kan kaya a ƙasar Holan a 1988, da kofi ɗin manoman Meziko, sannan a 1997 aka haɗa ƙungiyoyin ƙasashe daban-daban ƙarƙashin inuwa guda, wadda yanzu ake kira Fairtrade International. Ginshiƙansa biyu ne. Akwai farashi mafi ƙaranci da mai saye ba zai sauka ƙasa da shi ba ko da kasuwa ta faɗi. Akwai kuma ƙarin kuɗi da ake bai wa ƙungiyar manoma, su zauna su yanke shawarar inda za a kashe shi, ko rijiyar burtsatse, ko ajin makaranta. A Kumasi, ƙungiyar manoman koko ta Kuapa Kokoo, wadda aka kafa a 1993, ta wuce nan: a 1998 ta shiga cikin kafa kamfanin da ke yin cakulan Divine a Birtaniya, ta mallaki hannun jari a cikinsa.

Sai dai darasin da ya tsaya a nan ya rage saura. Tambari ba ya share kowace matsala. Samun takardar shaida na cin kuɗi, kuma ba dukkan amfanin gonar ƙungiya ne ke samun mai saye a kan wannan farashi ba. Binciken da cibiyar NORC ta Jami'ar Chicago ta fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 1.56 na aikin da bai dace da shekarunsu ba a yankunan noman koko na Ghana da Kwaddibuwa, kusan shekara ashirin bayan manyan kamfanonin cakulan sun yi alkawarin magance lamarin a 2001. Wani binciken da masana a SOAS ta Jami'ar Landan suka fitar a 2014, kan Habasha da Yuganda, ya nuna cewa ɗan ƙodagon da ƙaramin manomi ya ɗauka ba lallai ne ya ga amfanin tsarin ba. Wato ana iya yi wa mai gona adalci, shi kuma ya danne wanda ke yi masa noma.

A nan ne zancen ya iso Kantin Kwari da kasuwar Wuse da kowace ma'aikata. Ɗan kasuwar da ke kukan kamfani ya matse shi a farashi, shi ma yana da yaran shago. Ma'aikaciyar da ke jiran ariyas ɗin albashi, ita ma tana da 'yar aiki a gida. Matashi kuwa yakan fara aiki bai san komai game da abin da doka ta tanadar masa ba, domin darasin ilimin zama ɗan ƙasa ya fi tsayawa kan rassan gwamnati da ranakun tarihi.

Alhali tanade-tanaden ba su da wuyar fahimta. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutacciyar takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da farawa. Ta ƙayyade wa'adin sanarwa kafin a rabu: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu har zuwa shekara biyar, wata guda ga wanda ya kai shekara biyar. Wanda ya cika wata goma sha biyu yana da hutun aƙalla ranakun aiki shida da albashinsa. Dokar biyan diyya ta 2010 ta ɗora wa masu ɗaukar aiki zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi a asusun NSITF, domin wanda ya ji rauni a bakin aiki. Idan aka samu saɓani, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Dole kuma a faɗa wa matashi inda dokar ta gaza. Mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sanya wa hannu a Yulin 2024 bai hau kan wurin da ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba. Ke nan yawancin shaguna da gareji da wuraren ɗinki suna waje. Abin da ke kare yaron shago shi ne amanar maigida da al'adar sallama, wato a ba shi jari bayan shekarun hidima. Al'ada ce mai kyau da ta tayar da attajirai da yawa, amma da baki ake ƙulla ta. Idan maigida ya rasu ko ya karye, magada kan ce ba su san zancen ba. Takarda guda mai ɗauke da shekarun da za a yi, da abin da za a bayar, da sa hannun shaidu biyu daga shugabannin kasuwa, ta isa ta hana irin wannan rigima.

Tarihin da zai sa darasin ya zauna a zuciyar ɗalibi ma yana gida. A 1945 ma'aikata suka yi yajin aikin gama-gari na sama da kwana arba'in kan tsadar rayuwa, Michael Imoudu na cikin jagororinsa. Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe masu haƙar kwal 21 a Iva Valley da ke Inugu. Hutun ranar 1 ga Mayu da ma'aikata ke morewa yau, gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ce ta fara ayyana shi a Jihar Kano a 1980, kafin Gwamnatin Tarayya ta mayar da shi na ƙasa baki ɗaya a 1981.

Malamin da ke son gwada darasin cakulan a Kano ko Kaduna ba ya buƙatar cakulan. Buhun riɗi ko kwandon tumatirin Kadawa ya wadatar: ɗalibai su bi sawunsa daga mai tsinka zuwa ɗan dako, zuwa direba, zuwa dillali, zuwa mai tebur, su tambayi kowannensu nawa ya samu, kuma awa nawa ya yi yana aiki.