Kwana ɗaya ya rage ma Monty

A shekara ta 2002, wani mai shirya silima a Amurka, Spike Lee, ya fito da fim mai suna 25th Hour, wato awa ta 25. Labarin wani saurayi ne, Monty, a birnin New York.

Monty ƙwaya yake saidawa. Ƴan sanda sun samu kayan ɓoye cikin kujerar ɗakinsa. Alƙali ya yanke masa shekara 7. Gobe da safe zai shiga gidan kaso.

To, mi mutum zai yi da yini guda? Ya ba abokinsa, wani malamin lakwal, amanar karensa. Ya ci abinci da tsohonsa. Yana zargin budurwarsa da tona masa asiri, ashe abokin sana'arsa ne ya sai da shi.

Inda fim ɗin ya fi ciwo shi ne wajen mutanensa. Uban ya san da kuɗin ƙwaya aka biya masa bashi. Budurwar ta ci, ta sha. Abokai sun gani, sun yi shiru. Ran nan kowa sai sunkuyar da kai.

Da asuba Monty ya matsa ma amininsa ya farfasa masa fuska, don kada kyawonsa ya ja masa wulaƙanci a kaso. Aminin ya yi, yana kuka.

Uban ya ɗauke shi a mota. A hanya ya ce in yana so su miƙe yamma, ya ɓace, ya sake suna. Monty na zaune, fuska kumbure, mota na tafiya.